Allah na jin Hausa? Maganganun yara a gidajen Kirista na Nijar

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai akwai abin da ke nan ƙasa, dab da ƙafa, wanda babba kan tsallake domin idonsa na can nesa. Yaro kuwa, da yake shi ne kusa da ƙasa, sai ya duƙa ya ɗauka, ya ɗaga shi gaban jama'a ya ce: wannan fa, mine ne? Kowane gida mai yara ya san irin wannan rana. Amma a gidajen Kirista na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, maganar yaro tana da ɗanɗano na dabam, domin yana tashi ne da labarun Littafi Mai Tsarki a kunne ɗaya, kiran sallar masallacin unguwa a ɗaya kunnen, kuma shi kaɗai aka bar wa aikin haɗa su cikin ɗan ƙaramin kansa. Iyaye mata su ne ma'ajiyar waɗannan maganganu. Suna juya su a taron zumuntar mata, a gidan suna, a bakin murhu, har yaron ya girma ya yi gemu ana tuna masa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ko su wane ne waɗannan gidaje. Bisa ga ƙidayar jama'a ta 2012, Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Wasunsu baƙi ne da aiki ko fatauci ya kawo daga Benin, Togo, Burkina Faso da Nijeriya, wasu Gurmawa ne na yamma. Amma akwai Hausawa ƴan ƙasa, Gobirawa da Katsinawa da Arawa da Adarawa, waɗanda kakanninsu suka karɓi wannan addini tun zamanin Turawa. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram cikin 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. Su ne suka buɗe likitar Galmi cikin 1950, da ta masu cutar kuturta a Danja cikin 1956, kuma daga aikinsu ne majami'ar EERN ta fito a farkon mulkin kai. Katolika kuwa sun kafa mishan a Yamai cikin 1931, sai 2001 Maraɗi ta sami nata babban limamin. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Wato ke nan yaro yana jin labarun nan da Hausar da ake yi masa tatsuniya, kuma sunayen da ke ciki, Musa, Dauda, Yusufu, Maryama, Ibrahim, su ne sunayen maƙwabta. Daga nan ne rikicin yake farawa.

Wani ɗan shekara huɗu a Damagaram ya ji a makarantar Lahadi yadda Musa ya miƙa sandarsa teku ta rabu biyu. Da aka taso, suka biyo ta teburin mai shayin unguwarsu, wanda shi ma sunansa ke nan. Yaro ya ja ya tsaya, ya ƙura wa mutumin ido, ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan buta, sannan ya ce: «Baba Musa, ina ka aje sandar?» Mai shayi, da yake ya san ƙissar tun yana makarantar allo, sai ya ce ya ba da ita aro. Yaro ya gamsu.

A Maraɗi kuwa, ranar da malamar Lahadi ta ce Yahaya mai baftisma yana zaune cikin daji, abincinsa fara da zuma, yara ba su ga abin mamaki ba ko kaɗan. Turawan da suka fara kawo wannan labari sukan faɗe shi da yamutsa fuska, domin su nuna wahalar da bawan Allah ya sha. Yaran Maraɗi kuwa sun san kwanon soyayyar fara a bakin kasuwa, sun san kuɗinta. Tambaya ɗaya ce kawai ta fito daga bayan aji: «Madam, da yaji yake ci ko haka nan?» Haka kuma labarin Yunusa da kifin da ya haɗiye shi. Wata yarinya da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarumfa girma ba ta yi shiru tana auna maganar, can ta ce da a Madarumfa abin ya faru, da Yunusa ne ya ci kifin.

Lokacin Nowel shi ne kakar irin wannan zance. Ranar 25 ga Disamba tana faɗowa ne tsakiyar hunturu, ga ƙura ga sanyin asuba, yara suna kallon wasan kwaikwayon haihuwar Yesu da leɓɓa a tsage. Ba sa tambayar yadda budurwa ta haihu. Wannan tambayar manya ce. Su abin da ke damunsu shi ne jinjiri a cikin komin dabbobi ba bargo. Wani yaro daga wajen Madawa ya ce laifin Yusufu ne, da ya kai Maryama Galmi da an ba su gado. Wani ya so a tabbatar masa ko makiyayan nan Fulani ne, in kuwa su ne, mi ya hana su kawo madara. Amma wadda ta fi su duka ita ce ƴar shekara shida, wadda ta saba bin uwarta gidajen barka. Da ta ji an ce masanan gabas sun kawo zinariya da turare da mur, sai ta riƙe haɓa irin na manyan mata ta ce: «Duk cikinsu ba wanda ya kawo sabulu da zane? Ai ka ji aikin maza.»

Kuɗi, gero da albashi

Ƴan kasuwa za su gane ɗiyarsu cikin wannan. A majami'u ana zagayawa da kwano ko ƴar jaka domin baiko, wato abin da kowa ya ga zai iya bayarwa. Wata uwa mai sayar da kayan miya ta ce wa ɗiyarta ta saka dala goma, amma da ta laluba bakin zanenta ba ta sami ƙananan kuɗi ba sai dala ashirin, ta ba ta. Yarinya ta jefa, ta riƙe bakin kwanon gam. Dattijon da ke zagayawa ya ja, ta ja. Ana cikin waƙa, muryarta ta fito sarai: «Saura canjina.» Da uwar ta raɗa mata cewa a nan ba a ba da canji, sai ta sake kwanon, amma ba ta saki maganar ba. A hanya ta ce ita dai a ganinta wanda ya mallaki sama da ƙasa bai kamata ya rasa dala goma ba. Wanda ya taɓa tsayawa rabin sa'a a gaban mai tebur yana jiran canji ba zai ce yarinyar ta yi rashin kunya ba.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi, kuma ma'aikata ne za su fi jin ta. Cikin shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnati kan yi wata biyu, uku, ba su ga albashi ba, ga kuma karyewar darajar sefa ta watan Janairu 1994 da ta raba ƙarfin kuɗin biyu, wani mushen lakwal a Tawa yakan tara iyalinsa da dare su yi addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa. A cikin addu'ar nan akwai wurin da ake roƙon abincin yini. Wata rana, bayan an ce amin, ɗansa na biyu ya ce: «Baba, kullum na yini ɗaya muke roƙo. Mi zai hana mu roƙi buhu guda, mu huta, shi ma ya huta?» Uban, da yake malami ne, bai so ya bar tambaya ba amsa. Ya ba shi labarin mutanen Musa cikin hamada, waɗanda ake saukar wa abinci kowace safiya, duk wanda ya ɓoye na gobe sai ya tarar ya yi tsutsa. Yaro ya saurara har ƙarshe, ya ce: «To a roƙi gero, shi ba ya tsutsa da wuri.» Uwar ta yi dariya har da hawaye, kuma ita kaɗai ta san cewa ba duka hawayen ne na dariya ba, domin abin da ya rage a gidan a daren nan bai kai tiya biyu ba. Yaron nan yanzu magidanci ne, kuma an ce har yau in ya shiga gidan da buhu a mota, tsohuwar takan ce ga amsar addu'a ta iso.

Su ma harsuna suna da nasu rabo. Waɗanda suka yi lakwal a da sun san sambol, wannan abin wuya da ake rataya wa duk ɗalibin da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar makaranta. Wani yaro da ya sha rataya shi ya daina addu'a da Hausa gaba ɗaya, ya koma haɗa ƴan kalmomin Faransancin da ya iya, rabi gaisuwa rabi ƙidaya. Da uwarsa ta tambaye shi dalili, sai ya ce yana tsoron kada Allah ya ba shi sambol. Aka yi ta rarrashinsa cewa Allah na jin Hausa. Ya ce to Zabarmanci fa? Aka ce yana ji. Yarabancin masu sayar da kwanoni? Yana ji. Ya yi ajiyar zuciya ya ce ashe ya fi mushe.

Fastoci kuwa sun daɗe da sanin cewa in suna son jin abin da ake faɗi a kansu, ba dattawan majami'a za su tambaya ba. Wani fasto ya kai ziyara gidan wani ɗan kasuwa, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Auta ya zo ya zauna a cinyarsa, ya shafa masa gemu, ya ce: «Baba Fasto, wai wa'azinka ya fi hanyar Agadas tsawo?» Fasto ya ce wa ya faɗa. Maigida ya soma tari. Lahadin da ta biyo an tashi da wuri.

Tsakanin gida da maƙwabta

Ba duka maganganun ne ke ƙarewa da dariya kaɗai ba, domin yaron Kirista a ƙasar nan ba a tsibiri yake zaune ba. Abokin wasansa Musulmi ne, mai ba shi alewa a kanti Musulmi ne, sau da yawa kawunsa da gwaggonsa da kakarsa ma haka. Da Nowel uwarsa takan aika shi da kwanon shinkafa gidajen maƙwabta. Da Layya kuwa, bayan an yini ana gasa raguna a miƙe bisa itace kewaye da wuta, washegari nama yakan shigo gidansu daga ƙofa uku ko huɗu.

A irin wannan rana ce wasu yara biyu ƴan shekara takwas, ɗaya ɗan makarantar allo ɗaya ɗan makarantar Lahadi, suka kaure da gardama a ƙofar gida. Wannan ya ce ɗan da Ibrahim ya kai zai yanka Isma'ila ne, wancan ya ce Ishaku ne. Kowa ya faɗi abin da aka koya masa, kuma kowa daidai ya ɗauko daga malaminsa. Har an fara cin kwala, sai ƙanwar ɗayansu, ƴar shekara biyar, da haƙarƙari a hannu, ta shiga tsakani. Ta dubi na farko: «A wajenku yaron ya mutu?» Ya ce a'a. Ta dubi na biyu: «A wajenku fa?» Ya ce a'a. Ta ce: «To mi kuke wa faɗa? Rago ne ya mutu, ga shi muna ci.» Malamai na ɓangarorin biyu sun cika littattafai a kan wannan batu, kuma ba za su daina ba saboda maganar yarinya. Amma faɗan ƙofar gidan dai ya mutu nan take.

Wani kuma ya dawo daga lakwal rai a ɓace, ya ce yara sun kira shi kafiri. Uban ya aje abin da ke hannunsa, yana neman ta inda zai fara. Kafin ya buɗe baki yaron ya ci gaba: «Na ce musu ƙarya suke, mu Gobirawa ne, in ba su yarda ba su zo su dubi fuskar kakana.» Shi a tsammaninsa wata ƙabila ce, kamar Barebari. Uban ya bar shi a haka. Ya san ranar da yaron zai gane ma'anar kalmar tana zuwa, ba sai an aika mata goron gayyata ba. Abin lura shi ne yaran da suka jefe shi da ita su ma ba su ƙirƙire ta ba; a gida suka tsinta.

Kuma kada a ɗauka gidajen Kirista sun kuɓuta daga wannan. Wata tsohuwa Musulma ta zo daga ƙauye neman magani, ta sauka gidan ɗanta da ya zama Kirista tun yana saurayi. Jikarta ƴar shekara biyar ta manne mata. In tsohuwar ta shimfiɗa buzu za ta yi salla, yarinyar ce ke tsayawa da kara tana korar kaji kada su gitta. Wani dare ana cin tuwo, sai yarinyar ta ce: «Kaka, wai in kin mutu ba inda za mu za ki ba.» Hannuwa suka tsaya cikin akushi. Tsohuwar ta ce: «Wa ya faɗa miki, kishiyata?» Ta ce ta ji Mama na gaya wa wata. Matar gidan ta rasa inda za ta sa fuskarta, ga suruka, ga miji. Yarinyar kuwa ba ta gama ba: «Ni dai na gaya wa Yesu, in ba ki zuwa, a bar ni a bakin ƙofa in riƙa leƙo ki.» Tsohuwar ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce: «Bar wa Mai sama, shi ya san masaukin kowa. Tashi ki miƙo mini gorona.» Kowane addini yana da abin da ya ce game da lahira, kuma ba fasto ko malamin da zai sauya shi domin jika ta yi kuka. Amma akwai bambanci tsakanin faɗin abu da baƙin ciki da faɗinsa da jin daɗi, kuma kunnen yaro ya fi na kowa rarrabe su. An ce tun daga ranar matar gidan ce da kanta ke ɗora wa tsohuwar ruwan alwala da asuba.

Mutuwa ma ba ta tsallake bakin yara. Cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓin sauro ya fi kwasar ƙanana, wani gida a Maraɗi ya rasa ɗan shekara biyu. Yayarsa, da suke kwana cikin sange ɗaya, ta ji ana ta cewa ya tafi wurin Ubangiji. Ba ta yi kuka ba sai dare, da aka zo ɗaura sangen. Ta ce: «Mama, a sama akwai sange?» Uwar ta ce can babu sauro. Yarinyar ta yi tunani, ta ce: «To shi ke nan, zai yi barci.» Ta matsa gefe ɗaya, ta bar masa wurinsa, ta kwanta.

Janairun 2015

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da Asabar 17 a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta, kuma gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada ba su zana komai ba, yawancinsu ma ba su taɓa ganin jaridar ba. Malaman Musulunci da dama sun fito sun yi kira a kwantar da hankali, kuma a unguwanni an sami Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu.

Wani gida a Yamai, miji da mata da yara uku, a gidan wani Alhaji maƙwabcinsu suka kwana a daren Asabar ɗin. Da gari ya waye Lahadi, maigidan ya kasa zama, ya ce zai je ya ga abin da ya rage. Autarsa ƴar shekara huɗu ta riƙe masa riga, dole ya saɓa ta a kafaɗa. Suka tarar da kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo ciki, bencina sun zama gawayi, ga ƙonannun takardun littafin waƙoƙi iska na wasa da su. Wasu ƴan majami'ar suna tsaye cirko-cirko, ba mai magana.

Yarinyar ta ce: «Baba, wa ya ƙone gidan Allah?» Ya ce mutane ne suka yi fushi. Ta ce: «To yau ina zai kwana?» Mutumin nan ya yi shekaru yana koyar da yara a makarantar Lahadi, ya san amsar da ke cikin littafi, amma maƙogwaronsa ya ƙi buɗewa. Da ta ga bai amsa ba, sai ta nemo mafita da kanta: «Ya zo gidan Alhaji. Akwai sauran wuri a zaure, kuma Hajiya na ba da bargo.»

Da suka koma, uwar ta maimaita maganar a tsakar gida, tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Alhaji yana zaune bisa kujera da tasbaha a hannu. Ya kira yarinyar, ya zaunar da ita kusa da shi, ya ce: «Ɗiyata, Allah ba ya barci, ba ya gyangyaɗi, ba ya bukatar zaure. Tambayi babanki, haka yake a wajenku ma. Amma ku, nan za ku kwana har ƙura ta lafa.» Uban ya ɗaga kai alamar haka ne.

Yarinyar ta dubi Alhaji, ta dubi ubanta, ta dubi ƙofar gidan da aka tokare da turmi tun daren jiya. Ta ce: «To in ba ya barci, sai ya yi mana gadi.»